Ɗaga Hannu a Bayan Rami

Tun kafin ya bar Kaura Namoda, Armiya'u ya san hanyar Zurmi ba hanya ce da mutum ke bi da sakin jiki ba. Ya kulle babbar wayarsa a shagon da yake aikin buga takardu, ya ɗauki ƙarama mai tocila, domin ba a son a tare mota a ga mutum da abin da zai sa a yi masa kallon mai hali. A cikin motar babu wanda ya yi hira. Direba yana tafe yana duban fuskokin direbobin da ke tahowa, kowa kuma yana duban fuskar direba. Yayarsa Salima ce ta haihu a Tungar Ƙirya, wani ƙauye da ke gaba da Dauran, kuma tun rasuwar mahaifinsu babu wani namiji daga gidansu da zai tsaya mata ranar suna sai shi. Da yake mota ba ta shiga ƙauyen kullum, dole ya isa da sauran kwanaki.

Abu ɗaya ne ya dame shi fiye da hanyar, wato atisayensa. Ya daɗe yana koyon kareti a wurin Malam Nuraddeen, a wani aji da suke ara bayan La'asar, kuma ba sha'awar finafinai ce ta kai shi ba. Wata rana a hanyar Shinkafi 'yan bindiga sun tare motarsu, kowa ya ɓalle ƙofa ya faɗa daji, shi kuwa ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Yana zaune yana kallon ƙofa a buɗe har Allah ya kawo motar jami'an tsaro, maharan suka janye. Tun daga ranar ya daina yarda da jikinsa, ya ƙudura cewa sai ya hore shi. Yanzu ya kai matakin da za a gwada shi a Gusau a ƙarshen wata, ko ya cancanci baƙar ɗamara ta ƙwararru. Abin da za a fi dubawa shi ne kata, wato jerin motsin da aka gada daga malaman da, inda mutum shi kaɗai yake karewa yana kai duka ga abokan gaba da ba ya gani, kowane taku da wurin ajiye shi. Malam ya gargaɗe shi cewa ko ina ya kwana, ya yi ta kafin ya karya kumallo.

Mijin Salima, Kamalu, ya tarbe shi a ƙofar gida da tsokanar da ya saba yi wa ƙanen matarsa.

"A'a, ga ɗan Cainis! Ka zo lahiya? To don Allah kada ka karya muna ginin gida, bana munka yi yaɓe."

"Ginin da ko akuya ta jingina sai ya faɗi? Ni ina jaririn, ba wurinka na zo ba."

Gidan cike yake da mata, dangin Kamalu da maƙwabta, ana ta daka ana surfe. Armiya'u ya duba tsakar gidan ya ga babu inda zai miƙa ƙafa ba tare da ya ture turmi ba. Ya kuma san idan ya kuskura ya yi tsawar da ake yi a cikin kata a gaban waɗannan mata, har ya tsufa ba za a daina ba da labarinsa ba. Don haka washegari, jajibirin suna, da aka fito daga sallar Asuba gari ya fara haske, sai ya zame ya nufi bayan gari.

An haƙa rami mai zurfi an kewaye ƙauyen da shi saboda baburan 'yan bindiga, an bar wani katako guda a gefen gabas don masu zuwa gona. Bayan ramin babu dawa ko gero. Gyaɗa da wake kaɗai aka yarda a shuka, don kada wani ya laɓe. Abin da ba wanda ya tuna ya gaya wa baƙo shi ne, ba a tsallake katakon nan sai masu gadi sun sauko sun ce a fita. Armiya'u ya tsallake. Ya sami wani fako mai tsabta inda ake sussuka, ya cire takalmansa, ya fuskanci gabas inda dajin ya yi baƙi a nesa, ya sunkuya ya gaida filin kamar yadda aka koya masa.

Katar da zai yi ana fara ta ne da ɗaga hannuwa biyu a hankali har sama da kai, a haɗa yatsu, a kalli sararin sama ta tsakaninsu, sannan a ware su a sauke. Ya ɗaga, ya ware, ya juya hagu ya juya dama da tafin hannu a buɗe, ya shiga cikinta. Raɓa ta jiƙa masa ƙafa. A tsakiya ya yi tsawa, a ƙarshe ya sake yi. Bai gamsu da juyinsa ba, sai ya koma farko ya sake ɗaga hannu.

"Kada ka motsa! Wallahi ka motsa na halbe ka!"

Muryar ta fito ne daga saman wata tsamiya da ke bakin ramin. Armiya'u ya daskare da hannuwansa a sama. Ya ji an diro, ya ji gudu a kan katako, kafin ya waiga an buga masa gindin bindiga a baya ya kife a ƙasa. Zafin ya sa bakinsa ya riga hankalinsa.

"Inna am!"

Kiran uwa ne da harshen mahaifiyarsa, Bafillatanar Gurbin Bore, wanda bai yi amfani da shi ba tun yana yaro. Yana furtawa ya san ya ƙara wa kansa nauyi.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Bahillace na!" in ji wanda ya buge shi.

Suka ɗaure masa hannu ta baya da rawani, suka tsallako da shi cikin gari, suka durƙusar da shi a gindin tsamiyar. 'Yan sa-kai ne, matasan ƙauyen masu gadi, sanye da riguna masu layu, riƙe da bindigogin toka da gorori. Wanda ya buge shi dogo ne mai jajayen idanu na rashin barci, ya ji ana kiransa Sagir. Kafin a jima maza sun fara taruwa, wasu da tasbaha a hannu daga masallaci. Aka buɗa wa wani dattijo gajere mai kauri hanya, ya zo ya zauna a kan saiwar itacen, ya ɗora bindigarsa a cinya. Shi ne Namadi, shugaban masu gadin.

"Baba Namadi, da idona nig gane shi," in ji Sagir. "Ya tsallake rami tun ba a ba da izni ba. Ya dubi daji yaɗ ɗaga hannu sama, yan nuna hagu yan nuna dama, inda muke da inda ba mu. Yay yi kuwwa har sau biyu. Da bai ga an amsa ba yas sake ɗagawa. In ba kira ba, mi a wanga?"

Namadi bai dubi Sagir ba, Armiya'u yake kallo.

"Yaro, wa kaka kira?"

"Baba, wallahi ba kowa. Atisaye nake yi. Wasan kareti ne, a Kaura nake koyo, can nake aikin buga takardu. Ni baƙon Kamalu ne, ƙanen matarsa Salima, suna na zo."

Ya yi mamakin yadda muryarsa ta fito siririya kamar ba tasa ba. Ya san abin da ake yi wa wanda aka tabbatar yana kai wa 'yan daji rahoto. Ba a kai shi Zurmi, ba a jiran kowa. Bayan ramin nan ake komawa da shi.

"Ku tuɓe mai riga," in ji Namadi.

Suka yage ta. A irin wannan bincike kafaɗa ake dubawa, domin mai yawan harbi gindin bindiga yana bar masa tabo. A kafaɗar Armiya'u ta dama kuwa akwai wani shaci baƙi-baƙi, inda ƙafar abokin atisayensa ta same shi bisa kuskure a makon da ya wuce. Taron ya yi wani irin gurnani. Sagir ya danna wurin da yatsa.

"Ga shi nan! Kuma ku dubi hannunai, duk kanta. Wane mai buga takarda ka da hannu haka?"

"Shuri ne, Baba. Abokina ne ya shure ni a wurin koyo. Kantar kuma ta dukan katako ce."

"To kira malamin naku mu ji," wani ya ce daga baya. Wasu suka yi dariya marar daɗi, domin kowa ya san an daɗe babu sabis a yankin. Armiya'u ya tuna da babbar wayarsa, cike da hotunansa cikin fararen kaya tare da Malam da sauran ɗalibai, tana kulle a cikin durowa a Kaura.

Aka aika a kira Kamalu. Ya iso da gudu, hularsa a hannu, yana ganin ƙanen matarsa a durƙushe ba riga sai ya tsaya cak.

"Subhanallahi! Baba Namadi, ƙanen matata na. Jiya yaz zo. Wasan Cainis yaka yi, kowa ya sani, ni kaina ina yi mai ba'a da shi."

"Ka taɓa zuwa inda yaka koyo?"

"A'a, ban taɓa ba."

"Yaushe rabonka da shi kahin jiya?"

"An daɗe, Baba. Tun bikinmu."

"Uwassu Bahillata ta?"

"I, amma ta rasu. Kuma ubansu manomi na, mutumen kirki."

"Ban tambaye ka ubansu ba. Kamalu, kana dahwa Alƙur'ani ka ce ka san abin da yaron ga ka yi a Kaura, da wanda yaka gani, da wanda yaka magana da shi? In ka dahwa, in sake shi yanzu. Amma in wani abu yas samu garin ga, kai da shi ɗaya."

Kamalu ya juyo. Ya dubi Armiya'u, ya dubi mutanen da zai ci gaba da zama da su bayan baƙo ya tafi, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Ni dai ban san shi da mugun hali ba," ya ce a hankali.

Armiya'u bai ji haushinsa ba. Tsoron da ya cika shi bai bar wurin haushi ba. Ya ji sanyin nan da ya sani yana hawowa daga tafin ƙafarsa zuwa gwiwa, irin wanda ya zaunar da shi a motar Shinkafi. Yana jin kukan 'yan tsaki a wani gida, da ƙarar taɓarya daga wajen gidan Kamalu, matan ba su san abin da ake ciki ba.

Namadi ya sosa gemu. Daga bisani ya ce, "Ku kwance shi. Yaro, ni ban ga abin da kay yi ba. Tashi ka yi shi nan gabana, tun daga hwarko, kada ka rage komi."

"Baba!" Sagir ya matso. "Nan ma ana hangen mu daga daji. Ka ba shi dama shi ƙara kiran su?"

"Sagir, ni ka shugabanci ko kai?"

Aka kwance rawanin. Mutane suka ja da baya suka yi da'ira, bakin bindigogi na kallon tsakiya. Armiya'u ya miƙe da ƙyar. Gwiwoyinsa suna karkarwa har ana gani ta cikin wando, wani ya ce, "Ji jarumin, tun ba a taɓa shi ba yana rawa." Ya haɗa ƙafafunsa ya sunkuya. Ya ɗaga hannuwansa a hankali, kuma a tsawon ɗagawar nan ya ji kowane ido a wurin ya bar shi ya koma kan daji. Ta tsakanin yatsunsa ya ga sama fes, babu ko girgije.

Bai taɓa yin kata mai muni irin wannan ba. Numfashinsa ya ƙi daidaita, tsayuwarsa ta yi sama-sama, wurin shuri ya kusa faɗuwa. Da ya zo tsawar farko sai wani ɗan ƙaramin sauti ya fito kamar na mai tari, matasan suka fashe da dariya.

"Wanga ai bori na!"

"A'a, sauro yaka kora!"

Dariyar ta ɗan sanyaya masa rai, domin yana ganin mutane ba su cika kashe wanda suke yi wa dariya ba. Ya lallaɓa ya kai ƙarshe, ya sunkuya, ya tsaya yana haki.

"To," in ji Namadi. "Na ga naushi, na ga shuri, waɗanga na gane su. Amma ɗaga hannun ga na hwarko, wa kaka bugu da shi?"

"Ba a bugun kowa da shi, Baba."

"To amhwaninai mi?"

Armiya'u ya taɓa yi wa Malam wannan tambayar, kuma abin da Malam ya ce shi kaɗai yake da shi.

"Malam ya ce kallon sama ne, mutum ya tattara hankalinsa kafin ya fara. Haka aka gada. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Kallon sama," in ji Sagir. "Kun ji hwa."

A daidai nan ne wani ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Da farko Armiya'u bai ji komai ba. Sannan ya ji shi: daga can gabas, cikin dajin, wani siririn ruri yana tashi yana sauka. Ƙarar babur ce. Ko ɗaya ne ko da yawa, nisa bai bari a tantance ba.

Wurin ya hargitse. Masu bindiga suka ruga bakin rami suka kwanta, dattawa suna salati, wani ya sheƙa cikin gari yana cewa mata su shige ɗaka. Taɓaren gidan Kamalu suka yi tsit. Namadi ya miƙe yana ba da umarni, ya juya wa Armiya'u baya. Sagir kuwa bai tafi bakin rami ba. Bindigarsa harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗura ta, ba zai ɓata shi a nan ba. Ya jingine ta, ya fizge gora daga hannun wani.

"Sun amsa maka ko? Haka anka yi ranar da sunka kashe yayana. Wallahi ba ka ganin shigowassu!"

Armiya'u ya ga gorar ta tashi sama. Ya ji sanyin ya gama kama ƙafafunsa, ya kuma tabbata a ransa cewa yau ma ba za su motsa ba. Yana cikin wannan tunanin ya tarar ƙafarsa ta dama ta riga ta ja baya, hannunsa na hagu ya tashi sama da kai. Gorar ta sauka a damtsen hannun maimakon ƙoƙon kai. Ya ji ƙas, wani farin zafi ya ratsa shi har haƙori. Sagir ya sake kawowa ta gefe; jikin Armiya'u ya juya, tafin hannun dama a buɗe ya ture gorar ta wuce. A na uku Sagir ya zo da dukkan nauyinsa, Armiya'u ya shige cikinsa, ƙafa ta share ƙafa, dogon ya zube rigingine, gorar ta yi tsalle gefe. Tsawar da ta ƙi fita ɗazu ta fito da kanta, har waɗanda ke bakin rami suka waigo. Dunƙulen hannunsa ya sauka kamar dutse ya nufi maƙogwaron Sagir, ya tsaya saura kaurin yatsa.

A wurin koyo haka ake yi, ana kai duka da ƙarfi a tsayar da shi kafin ya taɓa abokin atisaye, kuma hannun ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarci mai shi ba. Armiya'u ya tsaya a haka, gwiwa ɗaya a ƙasa, hannun hagu yana reto, yana kallon maƙogwaron yana hawa yana sauka. Ya ji an ɗana kunamar bindiga a bayansa, ya ji an ɗana wata. Ya rufe ido ya fara kalmar shahada.

"Kowa shi sauke!" Muryar Namadi ce. "Na ce ku sauke! Ku saurara."

Suka saurara. Rurin babur ɗin bai ƙaru ba. Ya karkata arewa, ya yi ƙasa, ya dawo kaɗan da iska, sannan ya ɓace. Aka daɗe ana jira ya dawo. Bai dawo ba. Ko wane ne, ko ina ya nufa, babu wanda ya sani a Tungar Ƙirya.

Armiya'u ya janye hannunsa ya zauna daɓas a ƙasa. Sagir ya tashi zaune yana shafa wuyansa, yana dubansa da idanun da ba su huce ba.

"Baba, ka gani da idonka. Horarre na. Wa ka koya ma mutum irin wanga in ba su ba?"

"Su bindiga su ka koyawa, ba su da lokacin wanga," in ji Namadi. Ya zo ya tsuguna a gaban Armiya'u, ya kama hannun da ya karye ya juya shi a hankali, Armiya'u ya cije leɓe. "Abin da kay yi ɗazu kai ɗaya muna dariya, shi nig ga ka yi ma Sagir, bai canza ba. Ja da bayan, da turewar, da kuwwar. Ashe hwaɗa na. Na yarda da wanga."

Ya saki hannun ya miƙe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Amma ɗaga hannun ga ban gane shi ba, kuma babur ya yi kuka bayan ka ɗaga. Ba ni kashe mutum bisa abin da ban gane ba, ba ni kuma kwana da shi cikin gari. Kamalu, kai shi wurin maɗori a ɗaure mai hannu. Akwai motar da za ta kai gyaɗa Zurmi in rana ta ɗaga, da ita za shi."

"Baba, suna gobe na," in ji Kamalu. "Shi ɗai ag gare ta."

"A raɗa suna ba shi. Kuma yaro, ji nan. In Allah ya kai ka gida, ka gode mai. Kada ka sake takowa garin ga sai ƙasa ta lahwa. In wani abu yaf faru cikin kwanakin ga, ba ni iya tare maka kowa, ni kaina ba ni iya tare ma kaina."

"Na ji, Baba. Na gode."

Ba a bar shi ya koma gidan ba. A zauren maɗori aka ja hannun aka jera masa karare aka ɗaure, ya yi gumi har ya jiƙe tabarma, mutum biyu masu bindiga suna tsaye a ƙofa. Can Kamalu ya shigo da jakarsa da takalmansa da aka tsinto a fako, da wata rigarsa ya ba shi ya sa. Ya kasa haɗa ido da shi.

"Armiya'u, ka yahe mani. Bakina ya yi nauyi."

"Bar shi, Yaya Kamalu. Me ka gaya wa Salima?"

"Na ce an aiko kiranka daga shago. Ba ta yarda ba, tana ta kuka. Ta ce ko jaririn ba ka ɗauka da kyau ba."

"Ka ce mata zan aiko da saƙo in na isa. Kada ka gaya mata hannun sai ta yi arba'in."

Motar a-kori-kura ce, an cika ta da buhunan gyaɗa. Aka taimaka masa ya hau baya ya zauna a tsakanin buhuna, ya rungume hannun a ƙirji. Ya san gwajin Gusau ya wuce shi bana, ya kuma san sai ya yi wa Malam bayanin yadda aka yi, amma tunanin bai zauna ba. Kowane ramin hanya yana katse shi. Aka sa faffaɗan katakai a kan ramin ta gefen yamma motar ta tsallaka, aka janye su nan take. Sagir yana tsaye a wurin da bindigarsa a kafaɗa, bai ɗauke ido daga kansa ba har motar ta sha kwana.

Sai da rufin ƙauyen ya ɓace sannan karkarwar ta zo masa gaba ɗaya, daga ƙafa har haɓa, haƙoransa suna haɗuwa. Wani tsoho mai gyaɗar da ke zaune a kan buhu ya dube shi ya miƙo masa gorar ruwa.

"Sha, ɗana. Zazzaɓi na?"

Armiya'u ya karɓa da hannun dama, ruwan yana zuba a rigar Kamalu kafin ya kai baki. Ya sha, ya mayar, ya yi godiya. Gaba kaɗan hanyar ta shiga cikin dogayen itatuwa, direba ya ƙara wuta, tsohon ya ciro tasbaharsa.